Farfaɗiya: abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, da abin da muke yi wa mai ita

Wata ranar Laraba da hantsi, a bakin titi kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, wani saurayi mai tura baron rake ya yi ƙara guda ɗaya, ya sandare, ya zube. Kafin ka ce kwabo an yi masa da'ira, amma da'ira mai faɗi, kowa ya tattare bakin rigarsa. Wani dattijo yana cewa, "Ku ja da baya, kada yawun ya taɓa ku." Wani ya ruga wurin mai shayi ya karɓo cokali. Shi kuwa yaron, ƙeyarsa sai dukan gefen kwalbati take yi. Na tuɓe hula na cusa masa ƙarƙashin kai, na roƙi mai cokali ya dakata, na duba agogon waya. Jijjigar ba ta cika minti biyu ba. Da ta lafa muka juya shi ya kwanta a gefe guda, yana jan numfashi kamar mai minshari. Can ya buɗe ido. Abin da ya fara dubawa wandonsa ne, ya ga ya jiƙe. Na biyu baronsa. Ya san ranar nan ba mai sayen rakensa a wannan layin.

Ni ba likita ba ne. Abin da ya hana ni ja da baya shi ne shekara bakwai ke nan ina raka ɗiyar yayata asibiti kan wannan lalura, tun tana 'yar shekara goma sha biyu, kuma duk wanda ya goge benci a ɗakin jiran likita tsawon wannan lokaci, in yana da kunne, zai tsinci abubuwa. Babban abin da na tsinta shi ne ciwon kansa mintoci ne kawai. Abin da ke cinye rayuwar mai farfaɗiya shi ne abin da muke yi masa a cikin mintocin nan, da yadda muke zama da shi a kwanakin da ke tsakanin faɗuwa da faɗuwa.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da ɗan ƙaramin lantarki suke aika wa juna saƙo. In lafiya lau ake, aikinsu kamar kasuwar Mai'aduwa ne ranar da take ci: hayaniya ko'ina, amma kowa cinikinsa yake yi, mai awaki daban, mai hatsi daban. Farfaɗiya tana tasowa ne sa'ad da wani rukuni na ƙwayoyin nan suka bar cinikinsu suka ɗauki kuwwa guda a lokaci guda. In kuwwar ta tsaya a layi ɗaya na kasuwar, sashen jikin da wurin ke kula da shi ne kawai zai nuna, hannu ɗaya ya riƙa fizga, ko gefen baki. In ta game kasuwar duka, sai mutum ya fita hayyacinsa, jiki ya sandare, sannan jijjiga ta biyo baya. Ƙarar nan ta farko da ke firgita mutane iska ce, amma ta huhu: tsokar ƙirji ce ta matse ta, ta fito ta maƙogwaron da ya tsuke. Kumfar baki kuma yawu ne na yau da kullum da aka kasa haɗiyewa ya gauraya da numfashi. Babu abin da ke cikinsa da zai sa wa wani farfaɗiya, ko an taɓa shi, ko an tsallaka shi, ko an ci tuwo kwano ɗaya da mai shi.

Cokali kuwa tsoron kada mutum ya haɗiye harshensa ne ya kawo shi. Harshe ba ya haɗiyuwa, a ɗaure yake da ƙasan baki. Mutum na iya cizonsa, ya warke cikin kwanaki. Cokalin da aka cusa tsakanin muƙamuƙan da suka datse shi ne ke karya haƙori, guntun ya faɗa hanyar numfashi. Haka ɗura ruwa, ko rubutu, ko man zaitun ga wanda ba ya cikin hayyacinsa: ba ciki yake zuwa ba, huhu yake sauka. Hayaƙi a hanci, matsa albasa a ido, danne hannu da ƙafa, babu ɗaya da ke rage ko daƙiƙa guda, domin abin a ƙwaƙwalwa yake kuma da kansa yake tsayawa. Aikin wanda ke kusa kaɗan ne. A kau da wuta da ƙarfe da duk abin da zai ji masa rauni, a tallafe kai, a sassauta wuyan riga, a duba lokaci. Da jijjiga ta lafa a kwantar da shi a gefe don yawu ya zubo waje, a rufe shi da mayafi ko riga, a kori 'yan kallo, a zauna da shi har ya gane inda yake. Amma in ta haura minti biyar, ko ta sake tasowa bai farfaɗo ba, ko a cikin ruwa ya faɗi, ko mace ce mai ciki, ko wannan ne karon farko, to sai asibiti, ba jira.

Wannan ita ce farfaɗiyar da kowa ya sani. Wadda ta fi wahalar da gidaje ita ce wadda ba a san farfaɗiya ce ba. Ɗiyar yayata ba faɗuwa ta fara yi ba. Ana cikin hira sai ta tsaya cak, ido a kafe, tana motsa baki kamar mai tauna goro, yatsunta na tsinkar gefen zani. Bayan kamar minti ɗaya sai ta ce, "Kawu, me ka ce?" Wani lokaci kafin ya zo takan ce wani abu na taso mata daga ciki zuwa ƙirji, tana jin warin ƙonanniyar roba da ba wanda ke ji sai ita. A gidan Bahaushe wannan ai ba ya buƙatar fassara: mutanen ɓoye ne. Shekara biyu aka yi ana yawo, rago ya tafi, kuɗin adashin Yaya ya tafi, har ranar da ta yi faɗuwar farko a gindin murhu ta ƙona damtse. Likitan da ya gan ta ya ce duk abu ɗaya ne tun farko. Kuwwar daga sashen ƙwaƙwalwa na gefen kunne take tashi, inda ake sarrafa wari da tunani da tsoro, ranar nan ce kawai ta bazu ko'ina. Akwai kuma wata iri ta yara ƙanana, wadda yaro zai ɗauke na daƙiƙa biyar ko goma sau da yawa a rana. Irin wannan yaro bulala yake sha a makaranta, a ce ba ya mai da hankali.

Nan ne maganar ke da santsi, don haka zan taka a hankali. Ba na cikin masu yi wa ruƙiyya dariya, addu'a kuma ba ta taɓa hana magani aiki ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai ɗaya. Malamanmu na da ba su ce haka ba. Ibnul Ƙayyim, a inda ya yi bayanin magungunan Annabi, ya kasa farfaɗiya kashi biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, wadda likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Kuma kowa ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na matar nan da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tsiraicinta na bayyana. Ta zaɓi haƙuri da Aljanna, amma ta roƙi addu'ar kada ta riƙa yayewa. Ibnul Ƙayyim ya ce mai yiwuwa tata ta jiki ce. Abin da ke tsaya mini a rai a hadisin nan shi ne matar a cikin jama'a take, ana nuna ta a matsayin 'yar Aljanna, kuma abin da ya fi damunta shi ne abin da ya fara damun mai raken nan, wato sutura.

Ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma zai iya yin jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa. Sai ta maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba ake kiranta farfaɗiya. Jijjigar da zazzaɓi mai zafi ke kawo wa yara daga wata shida zuwa shekara biyar yawanci tana wucewa da girma, ko da yake dole a nemo abin da ya kawo zazzaɓin. Jijjigar mai ciki ko mai jego, wadda hawan jini ke haddasawa, wani ciwo ne daban mai kisa, da allurarsa daban. Akwai suma, akwai faɗuwar sukari, akwai kuma faɗuwar da damuwa da firgici ke kawowa, wadda ita ma ciwo ce na gaske amma maganin farfaɗiya ba ya yi mata. Likita ba kasafai yake ganin abin da idonsa ba, da labarin wanda ya gani yake aiki. Shi ya sa bidiyon waya, wanda ɗan gida ya ɗauka don likita kawai ba don turawa WhatsApp ba, yakan fi dogon bayani amfani. Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a karanta lantarkin ƙwaƙwalwa, yana taimakawa, amma yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, domin ba kullum kasuwar ke cikin kuwwa ba.

Tambayar farko da likita ya yi wa Yaya ta ba mu mamaki. Bai tambayi ƙunar ba. Cewa ya yi, "Hajiya, tana ƙarama ta taɓa yin wani ciwo da ya fitar da ita daga hayyacinta?" Yaya ta yi shiru, sannan ta tuna wata damina, yarinyar na da shekara huɗu, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Ta tashi, aka yi hamdala, aka manta. Ashe ya bar tabo.

A ganina nan ne zancen lafiyar ƙwaƙwalwa ya fi shafar Katsina. A mutane da yawa ba a gano dalilin farfaɗiya, a wasu kuma akwai gado. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin ɗari ana iya kauce musu, kuma daga cikin mutum miliyan 50 da ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu suke. Ba don jininmu daban ne ba. Don abubuwan da ke yi wa ƙwaƙwalwa tabo sun fi yawa a nan ne. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba. Shawarar jarirai da ake shanyawa a rana har ta hau kai. Sikila, wadda kan toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwar yaro. Ɗan acaɓa da fasinjansa ba hular kwano. Hawan jinin da dattijo ya ƙi aunawa har ya shanye masa ɓarin jiki, bayan watanni jijjiga ta biyo baya. Sai kuma tiramol, wanda samari ke watsawa don ƙarfin aiki. Shi kaɗai ya isa ya jefa lafiyayyen mutum cikin jijjiga.

Akwai kuma wasu biyu da suka cancanci a tsaya a kansu, zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, don kariyarsu har ƙofar gida take zuwa. A jihar Katsina aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓin damina a Najeriya, a 2013, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata a lokacin ruwa. Maganin na kwana uku ne. Ma'aikata kan ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, kuma sau nawa na ga ragowar a saman kwaba har ta yi ƙura. Na biyu sanƙarau. Muna tsakiyar yankin da ya taso daga Sanagal zuwa Habasha inda yake ɓarkewa da bazara. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya dawo, Katsina na cikin jihohin da ya fi taɓawa tare da Zamfara da Sakkwato. Ana ƙirga matattu, ba a cika ƙirga waɗanda suka tashi ba, alhali kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin na bakteriya yana barinsu da wani abu, kurumta, ko raunin koyo, ko farfaɗiya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin kwana da shi ba ne.

To ga wanda ya riga ya samu fa? A nan labarin ya fi yadda ake zato daɗi. Kusan mutum bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya in an gano ciwon daidai aka ɗora su a kan maganin da ya dace. Magungunan ma ba sababbi ba ne. Tun 1912 ake amfani da fenobabiton, yana da araha, sai dai yana sa kasala, yara kuma wani lokaci yakan sa su rashin zama wuri ɗaya. Akwai kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, da balfuret, wato Epilim, da wasu na baya-bayan nan irin su Keppra. Kowane nau'in farfaɗiya da wanda ya fi dacewa da shi, har akwai wanda in an ba da shi ba a muhallinsa ba sai ya ƙara ta'azzara abin. Saboda haka maganin maƙwabci ba naka ba ne, kuma mai kemis ba shi ne zai zaɓa ba. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da manyan asibitocin gwamnati ake fara neman wannan, in ya gagara su tura gaba. Wanda kuma ya fara sabon magani ya ga ƙuraje sun feso masa, ko baki ya yi gyambo, ya koma wurin likita a ranar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne fahimtar aikin maganin. Mun saba da magani irin na zazzaɓi, a sha kwana uku a warke. Wannan kamar madatsar ruwa yake, sai yana nan a cikin jini dare da rana yake tarewa. Mutum zai yi wata huɗu lafiya, gida su ce ai an samu sauƙi, ko kuɗi su yanke, ko wani mai magani ya ce ba a haɗa nasa da na asibiti. A daina rana ɗaya. Jijjigar da ke biyo bayan yankewar nan ita ce mai tsawo, wadda kan ƙi tsayawa. Wanda ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita na iya duba yiwuwar janye maganin, a hankali cikin watanni, ba da ka ba. Mu dabararmu ba ta wuce littafin makaranta mai shafi arba'in ba: ranar da abin ya zo, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan. Daga littafin nan muka gane cewa kusan duk faɗuwarta tana bin daren da ba ta yi barci ba ne, biki ko karatun jarrabawa. Ga iyalan da ke zuwa daga wajen Batsari ko Safana, inda hanya ba kullum take biyuwa ba, abin da na ga masu dabara na yi shi ne sayen na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba.

Azumi ma ana yi wa likita maganarsa tun cikin Sha'aban. Wasu ana iya mayar musu da shan maganin na sau biyu a rana zuwa sahur da buɗa-baki, wasu kuwa ba ya yiwuwa, kuma shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame. Sau da yawa ba yunwar ce matsalar ba, raba dare ne. Sauran kariyar ta hankali ce. Wanda abin bai lafa masa ba kada ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai, kada ya yi wanka a kududdufi, kada ya hau bishiya ko babur, kada ya kulle banɗaki ta ciki. A gidan Yaya an ɗaga murhu, kuma ba ta girki sai da wani a tsakar gida. Ban da wannan ba abin da aka hana ta. Ta gama sakandare, tana ɗinki, ita ke yi wa rabin layinsu kayan Sallah. Na san gidajen da aka cire yaro daga makaranta aka ware masa kofi da kwano, kuma ban ga abin da wannan ya kare shi daga gare shi ba.

Saura magana mai nauyi, aure. Ana ɓoyewa don tsoron kada a fasa, amarya ta tare ta kasa shan magani a gaban miji, ta faɗi a sati na biyu, a dawo da ita da takarda. Ɓoyewar na da wani haɗarin ma da ba a sani ba. Balfuret na iya yi wa ɗan tayi lahani, kusan jariri ɗaya cikin goma, don haka mace mai shirin aure tana buƙatar likita ya sake duba maganinta tun kafin ciki, ya ɗora ta a kan folik asid, ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki. Wadda kuma ta tsinci kanta da ciki kada ta yanke maganin da kanta. Kabamazefin da fenobabiton suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Duk wannan ba a iya tsara shi a ɓoye. Mafi yawan mata masu farfaɗiya suna haihuwa lafiya, suna shayarwa, kuma mafi yawan 'ya'yansu ba sa gadonta.

Watan jiya kawun wani yaro ya zo gaisuwa a kan ɗiyar tamu. Mun sha shawara a gida, Yaya na kuka tana cewa a yi shiru tunda shekara uku ke nan ba ta faɗi ba. Yarinyar ce ta ce, "Kawu, ka faɗa masu. In za su tafi, su tafi tun yanzu." Bayan an gaisa a zaure na ce, "Alhaji, akwai abin da ya kamata ku sani." Ya saurara har na gama, yana jan carbi. Tambaya biyu ya yi, ko ana ɗauka, ko ana gado. Na ba shi amsar da na sani, na ce ranar ganin likitanta na zuwa, in yaron na so ya biyo mu ya yi tambayarsa da bakinsa. Ya ce zai je ya yi shawara da mahaifin yaron. Shekaranjiya ya aiko a tambaye ni ƙarfe nawa ake fara karɓar kati.